Rabuwar Abokan Tarayya a Kasuwanci: Ikon Kowa Bayan an Rabu, da Takardun da Doka Take Nema

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Yawancin tarayyar kasuwanci a garuruwanmu da musafaha ake ƙulla ta. Wa da ƙane su haɗa jari su buɗe shago, ko abokai biyu su sayi mota, ko wani ya zauna a rumfa a Maraɗi ɗan'uwansa yana zirga-zirgar sayo kaya daga Kwatano ko Lome. Muddin ana cin riba ba mai tambayar takarda. Sai ranar da aka ce a rabu tambayoyi ke tasowa: wa ke da ikon sayar da kayan da suka rage? Wa zai karɓi bashin da ake bin mutane? In ɗaya ya je ya ɗauko kaya bashi da sunan shagon bayan an rabu, wuyan wa ya hau? Wace takarda za a kai, kuma ina?

Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratu Sad, aya ta 24, inda ya nuna cewa da yawa daga masu cuɗanyar dukiya sashensu na zaluntar sashe, in ban da masu imani da aiki nagari. Saboda haka muka ga ya dace mu tattara wa jama'ar masallatai da ɗalibai abin da fiƙihun Malikiyya ya tsara game da rabuwar abokan tarayya, tare da abin da dokar kasuwanci mai aiki a ƙasashenmu take nema.

Dokar da muke magana a kanta

Nijar, Kamaru, Cadi, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali da wasu ƙasashe, jimilla 17, doka ɗaya ce ke tafiyar da kamfanoninsu. Ita ce dokar ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a ranar 17 ga Oktoba 1993. Kundin da ya shafi kamfanonin kasuwanci an fara amincewa da shi a 1997, aka sabunta shi a Wagadugu ranar 30 ga Janairu 2014. Kundin dokar kasuwanci ta gaba ɗaya kuwa, wanda ya tsara rajistar 'yan kasuwa, an sabunta shi a Lome a Disamba 2010. Babbar kotun ƙungiyar tana Abijan. Don haka hukuncin da za mu ambata ɗaya ne ga ɗan kasuwar Damagaram da na Garwa da na Injamena, sai dai ofisoshi da kuɗin aiki da haraji su ne suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Da farko a san wace irin tarayya ce

Ikon abokin tarayya bayan rabuwa ya dogara ga irin ikon da yake da shi kafin rabuwa.

A fiƙihu, tarayyar dukiya tana da manyan fuskoki biyu. Akwai mufawada, inda kowane ɗaya ya sakar wa ɗan'uwansa hannu: ya saya, ya sayar, ya ba da bashi, ya karɓa, ko abokinsa na nan ko ba ya nan, kuma abin da ya yi ya hau kansu duka. Akwai inan, inda aka shardanta cewa ba wanda zai zartar da komai sai da sanin ɗan'uwansa. Ban da waɗannan akwai ƙiradi, wato mutum ya ba wani jari ya juya, a raba riba bisa kason da aka yanka. A tarayyar dukiya, Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa riba tana bin gwargwadon abin da kowa ya zuba. Hasara ma haka take.

A dokar OHADA kuwa, nau'o'in da suka fi shafar 'yan kasuwarmu huɗu ne. Na farko kamfanin da ake kira SNC. A cikinsa kowane abokin tarayya ɗan kasuwa ne, kuma bashin kamfani yana bin sa har cikin dukiyarsa ta ƙashin kansa, ba iyaka. Mai bin bashi yana iya kama ɗaya daga cikinsu ya biya duka, amma sai ya fara neman kamfanin a hukumance, kwana 60 sun wuce ba a biya shi ba. In takardar kafa kamfanin ba ta ambaci manaja ba, kowane abokin tarayya manaja ne. Na biyu SARL, wanda a cikinsa hasarar mutum ba ta wuce jarin da ya zuba, manaja ne kuma ke ɗaure kamfanin da sa hannunsa. Na uku tarayyar da abokan suka yarda ba za su yi mata rajista ba, wadda dokar ke kira société en participation: kowa da sunansa yake ciniki, shi kaɗai mutanen waje ke bi, sai fa idan sun fito fili suna ciniki a matsayin abokan tarayya, to a nan bashi ya hau kansu gaba ɗaya. Na huɗu ita ce wadda ta fi yawa a kasuwanninmu: mutane su riƙa mu'amala kamar abokan tarayya ba tare da sun kafa komai a rubuce ba. Dokar ta san da irin wannan. Ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya, da shaidu ko da rasit, kuma da zarar alƙali ya tabbatar da samuwarta, hukuncin SNC ne zai hau kan abokan.

Wannan na ƙarshen shi ne abin lura. Mutum yana ganin tunda bai sa hannu a kowace takarda ba, babu abin da zai same shi. Alhali rashin takardar ne zai sa a bi shi bashin duka har gidansa.

Abubuwan da ke kawo ƙarshen tarayya

Ayar doka ta 200 ta kundin kamfanoni ta lissafa su: cikar wa'adin da aka ɗiba, wanda ba ya wuce shekara 99, kammala aikin da aka kafa kamfanin dominsa ko gushewarsa, soke yarjejeniyar kafawa, shawarar abokan tarayya da kansu, hukuncin kotu bisa buƙatar ɗaya daga cikinsu saboda dalili mai ƙarfi, kamar wani ya ƙi cika abin da ke kansa ko saɓani ya hana aiki tafiya, hukuncin karyewa da ke umartar a sayar da dukiyar kamfani, sai duk wani dalili da aka rubuta a takardar kafawa.

Mutuwa tana rushe SNC, sai idan an rubuta tun farko cewa za a ci gaba tsakanin waɗanda suka rage ko tare da magada. SARL kuwa mutuwar abokin tarayya ba ta rushe shi, in ba an shardanta hakan ba. Tarayyar da ba ta da rajista kuma ba a yanka mata wa'adi ba, kowane ɗaya yana iya kawo ƙarshenta ta hanyar aika wa sauran takardar sanarwa, da sharaɗin ya yi da kyakkyawar niyya, kuma ba a mummunan lokaci ba. Misalin mummunan lokaci shi ne mutum ya ce ya fita alhali kaya na kan hanya, ko an sayi hatsi da kaka ana jiran bazara.

Fiƙihu ma ya kula da wannan. A mashhurin zancen Malikiyya, tarayyar dukiya tana lizimtar abokan da zarar an ƙulla ta. In ɗaya ya nemi rabuwa ɗayan ya ƙi, sai a jira kayan su koma kuɗi. A ƙiradi, kowa yana iya fasawa kafin a fara aiki da jarin. In an fara, sai an sayar da kaya, kuma idan suka yi jayayya kan lokacin sayarwa alƙali ne zai duba abin da ya fi maslaha. Sauran mazhabobi sun fi sassauci wajen barin kowa ya fasa lokacin da ya so, amma Hanafiyya sun shardanta abokinsa ya sani.

Rabuwa ba ta ƙare kamfani nan take

A nan mutane da yawa ke kuskure. Ranar da aka ce an rabu, kamfanin bai mutu ba tukuna. Ya shiga matakin da ake kira warware dukiya: a sayar da kaya, a karɓo basussuka, a biya masu bin bashi, a raba abin da ya saura. Dokar ta ce kamfanin yana nan da ransa saboda wannan aiki kaɗai, har ranar da aka shelanta rufe shi. A tsawon wannan lokaci dukiyar ta kamfani ce. Ba wanda zai ce wannan buhun nawa ne ko wannan motar ni na saye ta, ya ɗauke kafin a yi lissafi. Hayar shago ma ba ta faɗuwa da kanta don an rushe kamfani.

Dole ne kuma duk takardar da ke fita zuwa ga mutanen waje, wasiƙa ce ko rasit ko talla, ta ɗauki kalmomin "société en liquidation" tare da sunan wanda aka ɗora wa aikin warwarewa, don duk mai mu'amala da su ya san halin da ake ciki.

Ikon abokin tarayya bayan rabuwa

Tushen ikon abokin tarayya wakilci ne. Kowane ɗaya yana aiki a kasonsa da ikon mallaka, a kason ɗan'uwansa kuma da izini. In tarayya ta ƙare izinin ya ƙare. Bai halatta ya ɗauko sabon kaya da sunan tarayyar ba, ko ya ci bashi, ko ya yafe wa wani bashi, ko ya yi kyauta da kayan shago.

Amma akwai mutum na uku da bai san an rabu ba. Dillalin da ya saba ba wa ɗayansu kaya shekara da shekaru, ko mai sayen sari da ya saba biyan duk wanda ya tarar a shago. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa wanda ake bi bashi, idan ya biya ɗaya daga cikin abokan mufawada bayan sun rabu ba tare da ya sani ba, ya kuɓuta. Idan kuwa ya san sun rabu ya miƙa wa ɗaya kuɗin duka, to kason ɗayan yana wuyansa. Haka nan Muhtasar na Shaihu Halil, wanda almajiranmu ke kira Lauwali da Sani, ya kawo hukuncin iƙirari: kafin rabuwa, abokin mufawada in ya yi iƙirarin bashi ga wanda ba a tuhumarsa a kansa, ya hau kansu duka, bayan rabuwa ko mutuwa kuwa, iƙirarinsa kasonsa kaɗai yake ɗaurewa, a kason ɗan'uwansa matsayin shaida kawai yake da shi.

Dokar OHADA ta bi wannan hanya, sai dai ta mayar da sanin mutane abin da ake aunawa da takarda. Ayar doka ta 201 ta ce rushewar kamfani ba ta aiki a kan mutanen waje sai daga ranar da aka shelanta ta. Ma'ana, idan abokan SNC suka rabu a zaure gaban dattawa, ba su shelanta ba, sai ɗaya ya je Kwatano ya ɗauko kayan da suka saba saye da sunan kamfanin, mai kayan yana da damar bin kamfanin, daga nan ya bi kowane ɗaya daga cikinsu. Wanda aka cuta zai iya komawa kan abokinsa daga baya, amma mai kayan ba ruwansa da rabuwar da bai sani ba.

Saboda haka shelanta rabuwa kariya ce ga wanda ya fita, tun kafin ta zama biyayya ga hukuma.

Wakilin warware dukiya

Da zarar an rushe kamfani, aikin yana komawa hannun mutum ɗaya ko fiye da dokar ke kira liquidateur. Mu a nan za mu kira shi wakilin warware dukiya. Ana iya zaɓarsa daga cikin abokan tarayya ko daga waje. A SNC sai duka sun yarda da shi. A SARL masu rinjayen jari ne ke zaɓa. In sun kasa daidaitawa, duk mai haƙƙi a cikin lamarin yana iya neman kotu ta naɗa. Waɗanda suka naɗa shi su ne ke yanka masa lada.

Wakilin shi ne ke tsayawa a madadin kamfani. Shi ke sayar da kaya, ya karɓi bashi, ya biya, ya sa hannu a banki, ya tsaya gaban kotu. Ba ya buɗe sabon ciniki ko ya ci gaba da tsohon sai an ba shi izini, kuma don bukatar warwarewar kaɗai. Dokar ta yi masa shinge guda uku. An hana shi sayen kayan kamfanin, shi da ma'aikatansa da matansu da iyayensu da 'ya'yansu. Sayar wa tsohon manaja ko abokin tarayya mai cikakken alhaki sai da yardar abokan duka, ko da izinin kotu. Sayar da dukiyar baki ɗaya a dunƙule, a SNC, shi ma sai duka sun amince.

Idan takardar kafawa ba ta tsara wani abu dabam ba, cikin wata 6 da naɗa shi zai tara abokan ya gaya musu abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa. Yana ɗaukar alhakin kuskuren da ya yi a aikinsa ga kamfani da mutanen waje, kuma yin amfani da dukiyar don amfanin kansa laifi ne da ake hukuntawa. A mahangar fiƙihu amini ne: abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba ba ya ramawa, abin da ya ƙetare iyaka a cikinsa ko ya yi sakaci yana ramawa.

Shawararmu ita ce in akwai zafi tsakanin abokan, kada a ɗora wa ɗayansu wannan aiki. A nemi mutumin waje da ya san lissafi, wanda kowa ya yarda da amanarsa.

Takardun da ake bi, ɗaya bayan ɗaya

Ga kamfanin da ke da rajista a kundin 'yan kasuwa da ake kira RCCM, ga yadda aikin yake tafiya.

Na ɗaya, a rubuta takardar zaman da aka yanke shawarar rushewa, da ranar, da sunan wakilin da aka naɗa, da adireshin da za a riƙa aika masa wasiƙu. Kowa ya sa hannu. Idan kotu ce ta rushe, hukuncinta shi ne takardar.

Na biyu, a buga sanarwa a jaridar da aka amince mata ta ɗauki sanarwar shari'a a inda hedikwatar kamfanin take. Naɗin wakilin ma ana shelanta shi cikin wata 1, kuma kafin a shelanta ba a kafa hujja da shi a kan mutanen waje.

Na uku, a kai takardun wurin magatakardan kotun da aka yi rajista, a nemi a gyara bayanin kamfanin a RCCM. Wa'adin wannan wata 1 ne. A Yamai kotun kasuwanci ce ke riƙe da kundin, a sauran garuruwa kuma sai a tambayi magatakardan babbar kotun yankin.

Na huɗu, a sanar da ofishin haraji da asusun kula da ma'aikata, a biya abin da ya rage, domin muddin ba a sanar ba hukuma tana ɗaukar kasuwancin yana tafiya. A sanar da banki a rubuce, a soke sa hannun tsofaffin manajoji, a mayar da na wakilin. Duk wata takardar wakilci da aka taɓa ba wani, kamar mai fito da kaya a tashar ruwa ko yaron shago mai karɓar kuɗi, a janye ta a rubuce. Lambar wayar da ake karɓar kuɗin ciniki da ita ma a san hannun wa take.

Na biyar, in aiki ya ƙare wakilin ya tara abokan, ya gabatar da lissafin ƙarshe, su amince, su sauke masa nauyi, a rubuta cewa an rufe. In sun ƙi amincewa kotu ce za ta yanke. Sai a ajiye lissafin wurin magatakarda, a buga sanarwar rufewa, wakilin kuma ya nemi a share sunan kamfanin daga RCCM cikin wata 1 da buga sanarwar.

Dokar ta ba da shekara 3 daga ranar rushewa a kammala komai. In aka wuce, mai gabatar da ƙara na gwamnati ko duk mai haƙƙi yana iya kai maganar kotu. Bayan haka, ƙarar da za a kai kan abokan tarayyar da ba su ne wakilai ba, ko matansu ko magadansu, tana faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar da aka shelanta rushewar a RCCM. Wanda bai shelanta ba, wannan lissafin bai ma fara gudana gare shi ba. Littattafan lissafi da rasitai kuma a adana su shekara 10.

Idan ya bayyana cewa kuɗin da ke hannu ba za su iya biyan bashin da lokacinsa ya yi ba, maganar ta fita daga sulhun gida. Akwai kundin doka na dabam kan karyewar kamfanoni, wanda aka sabunta a 2015, kuma ya wajabta a sanar da kotu cikin kwana 30. A irin wannan hali, zaɓar wani mai bashi a biya shi a ɓoye don dangi ne ko aboki yana iya jawo a warware biyan.

Wa ake fara biya

Ƙa'idar ɗaya ce a fiƙihu da doka: bashi kafin jari, jari kafin riba. A ƙiradi Risala ta nuna ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo tsaba. Cikin masu bin bashi ma akwai na gaba, kamar ma'aikata a kan albashinsu da masu jingina a kan abin da aka jingina musu.

Ga misali. Mutum biyu sun haɗa jari, na farko ya zuba sefa miliyan 6, na biyu miliyan 4. Ranar rabuwa akwai tsabar miliyan 3, aka sayar da kaya aka samu miliyan 7, aka karɓo bashin miliyan 2. Jimilla miliyan 12. Mai ba su kaya yana bin su miliyan 3, haya da albashi da haraji miliyan 1. In an biya waɗannan saura miliyan 8, wato an yi hasarar miliyan 2 daga jarin miliyan 10. Na farko zai ɗauki kashi 60 cikin 100 na hasarar, na biyu kashi 40. Na farko ya tashi da miliyan 4 da jika 800, na biyu da miliyan 3 da jika 200. Ba daidai ba ne na farko ya ce sai an cika masa miliyan 6 ɗinsa tukuna don shi ne babba. Dokar OHADA ma ta ɗauki duk sharaɗin da ya kuɓutar da wani daga hasara baki ɗaya, ko ya ba wani riba duka, kamar ba a rubuta shi ba.

Idan ɗaya yana son ya riƙe shagon ya sallami ɗan'uwansa, ya halatta, da sharaɗin a ƙiyasta kayan da farashin ranar, masana kasuwar su yi ƙiyasin. Basussukan da ake bin mutane kuwa a yi hattara da su, domin sayar da bashi yana da sharuɗɗa a fiƙihu, kuma musayar kuɗin da ke wuyan wani da kuɗin hannu mafi ƙaranci ƙofar riba ce. A tambayi malami kafin a ƙulla. Zakka ma kowa a kasonsa take, kada a manta da ita a cikin hayaniyar rabo.

Idan mutuwa ce ta raba

Kason mamaci ya zama na magada daga lokacin da ya cika, bayan an fitar da bashi da wasiyya kamar yadda ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka jera. Izinin da ya ba abokinsa ya ƙare. Abokin da ke raye ba ya ci gaba da juya kason mamaci sai da izinin magada, in akwai marayu kuma sai da izinin wasiyyi ko alƙali. Abin da ya kamata shi ne a ƙidaya kayan shago da kuɗi da basussuka gaban shaidu tun kafin a watse daga zaman makoki, a rubuta. Kowane mako da ya wuce ana saye da sayarwa yana ƙara cakuɗa haƙƙin marayu da na mai rai.

A ƙiradi, in mai juya kuɗin ne ya rasu, magajinsa amintacce yana iya ƙarasa aikin, ko ya kawo amintacce, in ba haka ba a mayar wa mai jari dukiyarsa.

A doka, idan SNC ya ci gaba da magada kuma akwai ƙananan yara a cikinsu, ba a bin su bashin kamfani fiye da abin da suka gada, kuma dole a sauya fasalin kamfanin cikin shekara 1, in ba haka ba ya rushe. Idan kuwa rajistar da sunan mamacin shi kaɗai take, kamar yadda aka saba, magada suna da wata 3 su nemi a share ta, ko a gyara ta in za su ci gaba da kasuwancin.

Masu tarayyar da ba ta da rajista

Waɗannan ba su da sunan da za a share a RCCM, amma bukatarsu ga rubutu ta fi ta kowa. A zauna gaban shaidu biyu adilai a rubuta ranar rabuwa, da jerin kaya, da sunayen waɗanda ake bi da masu bi, da wanda zai karɓi kowane bashi, da wanda zai biya kowane. Kowa ya riƙe kwafi. In dukiyar mai yawa ce, ko akwai fili ko mota a ciki, a kai wa noter ya tsara takardar ya hatimce ta. Sannan a aika wa kowane mai ba da kaya da kowane babban mai saye sanarwa da za ta bar shaida, a gaya wa shugaban 'yan kasuwar layin. A sani kuma cewa yarjejeniyar da abokan suka yi cewa wane ne zai biya wane bashi tana ɗaure su ne su kaɗai. Mai bin bashi bai rasa haƙƙinsa a kan ɗayan ba sai in shi da kansa ya yarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka neman a rubuta ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne.

Idan kasuwancin ya ƙetare iyaka

Nijeriya da Gana da Sudan ba sa cikin OHADA. Wanda yake da reshe ko rajista a Kano ko Kumasi sai ya bi dokar can dabam. A Nijeriya hukumar CAC ce ke riƙe da rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, Gana kuma tana da dokarta ta tarayyar kasuwanci tun 1962. Share suna a Yamai ba ya share shi a can.

Abin da muka kawo ƙa'idoji ne na gaba ɗaya. Takardar kafa kowane kamfani tana iya ƙunsar sharuɗɗan da suka sauya wasu daga cikinsu, don haka ita za a fara karantawa, a nemi lauya a kan abin da ya shafi kotu, a nemi malami a kan abin da ya shafi halal da haram. Waɗanda kuma suke shirin haɗa jari yanzu, su rubuta yadda za a rabu tun ana ga-maciji da juna.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya sa albarka a cikin nemanmu. Allah ne Mafi sani.